Sunan da Baba Tsoho Ya Ƙi Amsawa

Tun da na dawo daga bakin teku bakina bai huta ba. A ɗan asibitinmu na sha-ka-tafi, mata masu zuwa awo sun bar tambayar maganin ƙarin jini, sun koma tambayata ko da gaske ruwan teku gishiri ne. A islamiyya ma haka, a gidan suna ma haka. Kin shiga jirgi? Me suke ci? Da gaske mata suna tuƙa babur? Ina ba da amsa sama-sama, don abin da na gano a can ba labarin tsaye ba ne. Yau na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, duk wadda ta sake tare ni a hanya in miƙa mata.

Ni ce Saude, ma'aikaciyar lafiya a ƙauyenmu da ke ƙasar Dawakin Tofa. Wanda na raka kuwa kakana ne na wajen uba, Malam Ado, wanda mu jikoki muke kira Baba Tsoho, mutanen gari kuma suna ce masa Sojan Ruwa. Ya haura tamanin. A ƙuruciyarsa ya yi aikin sojan ruwa a Ikko, da ya bari ya dawo gida ya zama mai gyaran injin ban-ruwa, har babu fadamar da ba ta san shi ba daga nan zuwa Watari. Bara hawan jini ya kayar da shi, ya tashi da jan ƙafa da hannun dama mai nauyi.

Ɗanlami direba ne ya tayar da tafiyar. Babbar mota yake ja, yana kai albasa har Kwatano. Wata ranar Juma'a ya shigo zaure ina auna jinin Baba Tsoho, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, wallahi na gan ka a ƙasar Binin. Na tsaya sayen kifi a wani ƙauye bayan iyaka, sai ga ka tsugune kana gyaran injin kwale-kwale. Sai dai an rage maka shekara talatin. Kamarku ɗaya kamar an tsaga kara, har wannan kunnen naka mai lanƙwasa. Na tambaya, aka ce sunansa Yunusa Awusa, wato Bahaushe a bakinsu."

Ina kallon allurar abin awo tana hawa. Sai da Ɗanlami ya fita sannan Baba Tsoho ya ce, "Amarya, kwance min wannan abin. Tafiya ta kama ni."

A ranar na san cewa kakana ya yi aure a Ikko kafin ya auri kakarmu. Sikira sunan matar, mai sayar da kifi a bakin bariki, kuma sun haifi ɗa namiji. A ranar kuma na gane abin da ya daɗe yana ba mutanen garinmu mamaki. Kowa ya ɗauka mahaifina ne ɗan farinsa, amma tsohon nan yana kiran sunansa gatsal a gaban jama'a, har ana cewa aikin soja ya cire masa kunya. Ashe kunyar tana nan, an riga an kashe ta a kan wani. Sunan mahaifin nawa kuwa Sani, wato na biyu. Shekara da shekaru amsar tana cikin sunan, babu wanda ya tsaya ya yi tunani.

Mahaifina ya yi iya yinsa ya hana. Ya ce a nemo lambar waya, a yi magana daga nan. Baba Tsoho ya ce zuwa da kai ya fi saƙo, kuma bai san ko zai ga wata daminar ba. Da aka ga ba zai lanƙwasu ba, aka ce ni ce na san ƙwayoyinsa, ni zan bi shi. Maigidana ya amince. Muka ɗaure kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya a matsayin tsaraba, aka shirya cewa Ɗanlami zai riga mu da albasarsa, ya tare mu a Ikko.

Abu guda na lura da shi tun muna shiri. Baba Tsoho bai taɓa furta sunan wanda za mu je nema ba. Sai dai "yaron nan", ko "na wajen Sikira". Kun dai san mu da ɗan fari. Ga shi kuma sunan mahaifinsa ya sa wa yaron, kunya biyu ke nan a wuri guda. Ban ga wani abin mamaki a ciki ba. Ni ma nawa ɗan farin ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce "kai" ko in aiki ƙanwarsa ta kira shi.

Doguwar bas muka shiga daga Kano. Kafin mu kai Zariya an sayar mana da maganin basir, da na ƙarfin gani, da wani wai yana sa yaro ya ci jarrabawa. Kusa da mu wata 'yar kasuwa ce mai fara'a, ta ɓare lemo ta miƙa wa Baba Tsoho tana kiransa Papa. Na ce masa, "Ango, a gabana?" Ya ce, "Ke kika sani, ni da farin jinina na taso." Da azahar ta yi direba ya ƙi tsayawa, sai tsohon nan ya miƙe da sandarsa ya daka masa tsawa da wani Turanci da ban san yana da shi ba. Direba ya taka birki kamar ya ga shinge. Muka yi salla, matar lemo tana ta dariya tana cewa wannan tsohon soja ne.

A gadar Kwara na fara jin kunya. Ni da ban san ruwan da ya wuce na madatsar Watari ba, sai ga ruwa hagu da dama babu iyaka. Na damƙe kujerar gabana ina salati. Baba Tsoho ya leƙa ta taga ya ce, "Wannan ai ruwan alwala ne."

Nan ya ba ni labarin yadda ɗan ƙauyen da ko kududdufi bai iya tsallakewa ba ya zama sojan ruwa. Gonar gado ce ta yi musu kaɗan. Su shida ne maza, gonar kuwa in ka tsaya a wannan kunyar kana jin tarin wanda ke wancan gefen. Suka yi cacar baki da wansa a kan iyakar kunya biyu, ya yi fushi ya tafi Kano wurin ɗaukar soja. Ya tarar da layi biyu, ɗaya dogo har titi, ɗaya gajere. Rana ta yi zafi, yunwa na cinsa, sai ya bi gajeren.

"Ban tambaya ba," in ji shi. "Sai da jirgin ƙasa ya sauke mu a Ikko na ga an nufi ruwa da mu. Ran da muka fara fita teku na yi amai har na zaci tuwon da na ci ina yaro zai dawo."

Na ce amma ai ya ga duniya. Ya girgiza kai.

"Haka mutanen gari suke cewa. Ni a ɗakin inji nake, can ƙasan jirgi. Ƙarfe na gani, da baƙin mai, da zafi. In an ce mun iso wata ƙasa, sai in hau sama in leƙa, in ga su ma ƙarfe ne da baƙin mai. Abin da na samu sana'a ce, ita ta ciyar da ubanki. Amma kullum ina tunanin layin nan. Da na yi haƙuri da rana, da wata rayuwar na yi."

A Ikko Ɗanlami ya kai mu Agege, gidan wani fatoman 'yan goro. Ɗakin da aka ba mu ƙanshin ganyen goro yake yi, sauro kuwa kamar an yi musu gayya. Maƙociyarsu Bayarabiya ta aiko mana da tuwon amala, baƙi wuluk, na tsaya ina kallonsa ina neman dalilin da zan ce na ƙoshi. Miyar da suke ce wa ewedu kuwa, da na ɗanɗana, ashe lalo ce ta zo birni ta canza suna. Barkonon da ke kai ya sa na yi hawaye da majina. Baba Tsoho ya cinye nasa tas, ya jawo sauran nawa.

Mutanen can suna magana kamar faɗa, alhali gaisuwa suke yi. Yaro namiji kuwa in zai gaida babba, kwanciya yake yi rub da ciki a ƙasa, ko da fararen kaya ne a jikinsa. Wannan ya burge ni. Abin da ya ɗaure min kai shi ne sunaye. Matar da ta kawo mana abinci ana kiranta Iya Basira, mijinta Baba Basira, Basirar kuwa ga ta nan zaune a cinyar uban tana wasa da gemunsa, kuma ita ce 'yar farinsu. Na sunkuyar da kai, ni na ji musu kunya.

"Haka suke," in ji Baba Tsoho. "Da ka haihu sunanka ya ɓata, sai na ɗan fari. Ni ma sun so su liƙa min. Na ce kada wanda ya ƙara kirana da shi, ba sunana ba ne."

Na ce ya yi daidai. Har ga Allah a lokacin haka na gani.

Ya nace sai mun je Apapa, inda barikinsu na sojan ruwa yake. Cunkoson motoci ya cinye mana safiya guda. A ƙofar barikin wani matashin soja ya tare mu, Baba Tsoho ya miƙe ya ƙame, ya ɗaga hannun nan mai nauyi da ƙyar ya sara masa. Yaron ya dube shi, shi ma ya ƙame ya mayar masa. Ya ba shi kujera da ruwan sanyi, amma ya ce ba a shiga sai da izini. Tsoho bai ji haushi ba, ya ce da shi ne a ƙofar, haka zai yi. Muka nemi gidan da suka yi haya da Sikira, muka tarar an rushe unguwar, manyan motoci ake ajiyewa a wurin.

A nan, muna tsaye cikin hayaƙi, ya gaya min yadda suka rabu. Ya dawo daga wata doguwar tafiya a teku ya tarar da ɗaki wayam, Sikira ta ɗauki yaron ta koma garinsu da ke bayan iyaka. Ya bi ta biko har can. Mahaifinta ya tara dattawa, ya sa aka kawo yaron gabansa, ya ce, "Wannan ɗan wane ne? Kira sunansa mu ji."

"To ke Saude, a gaban surukina? Ɗan fari, kuma mai sunan ubana? Na sunkuyar da kai na yi shiru, kamar yadda duk ɗan mutunci zai yi. Tsohon ya tambaya har sau uku. Daga nan ya ce in tashi in bar masa gida. Na ce a raina don ni Bahaushe ne suke wulaƙanta ni. Zuciya ta ɗebe ni, ban sake waiwayarsu ba."

Washegari muka kama hanyar Badagiri zuwa iyaka. A wurin binciken kaya wani jami'i ya buɗe ƙullin kuka ya shinshina, ya ɗibi kaɗan yana murzawa yana kallona. Kafin in yi bayani ya kwance ledar daddawa ya tura hanci ciki. Ya ja da baya yana tari, abokan aikinsa suna ta dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce ai su ma suna da irinta, kawai tamu ce ta fi fushi. Aka ɗaure mana kayanmu muka wuce. Baba Tsoho yana ta mita, wai shi da ya shiga ƙasashe ta ruwa babu wanda ya taɓa shinshina masa jaka.

Muna tsallakawa Turanci ya daina aiki, sai Faransanci. Burodinsu dogo ne siriri kamar sandar makiyayi, ga tauri. Kuma e, mata suna tuƙa babur, na ga wata da goyo a baya da kwandon kifi a gaba, ko a jikinta. Ni dai da na hau bayan ɗan acaɓa a kan yashi, addu'ar da na sani babu wadda ban karanta ba.

Ƙauyen yana tsakanin bishiyoyin kwakwa, ko'ina hayaƙin banda kifi. Can gaba ga teku. Ba zan iya kwatanta muku shi ba, ƙararsa kawai ta ishe ni. Ɗanlami ya nuna mana wata rumfa, ga wani mutum mai furfura tsugune a gaban inji, hannunsa baƙi da mai. Ya ɗago kai. Fuskar da na taso ina gani ce, har kunnen.

Ɗanlami ya yi bayani. Yunusa ya miƙe a hankali ya goge hannu a tsumma. A ƙasar da yaro ke kwanciya a ƙasa don gaida babba, shi hannu ya miƙa. Ya ce da irin Hausar zango da ya koya wurin masu sayen kifi, "Sannu da zuwa, Alhaji."

Baba Tsoho kuwa, bayan duk wannan hanyar, ya kawar da fuska gefe ya dubi teku. Ya ce min, "Tambaye shi ya iyali."

Na ga lokacin da fuskar Yunusa ta rufe. Ya ce iyali lafiya. Baba Tsoho ya ce in tambaye shi uwarsa. Ya ce ta daɗe da rasuwa. Tsoho ya yi inna lillahi, har yanzu yana kallon ruwa.

An karɓe mu, ban da abin cewa. Matar Yunusa ta share mana ɗaki, ta kawo teba da miyar kifi, har da ƙaguwa a ciki da ƙafafunta duka, na rasa ta inda ake fara mata. Amma irin karɓar da ake yi wa baƙon da mota ta lalace masa ce. Yunusa ya koma wurin injinsa. Jikoki suna leƙe daga nesa, babu wanda ya ce su zo su gaida kakansu.

Da safe na fita bayan gida na tarar da wata tsohuwa tana jera kifi a kan waya. Iya Mulika ce, ƙanwar Sikira, ita ma tana jin Hausar kasuwa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Me ya zo yi? Ya zo ya ga ko yaron ya yi kama da shi?"

Na ce ban gane ba.

Ta ajiye kifin. "Mijin yayata yana teku wata da watanni, ya dawo ya tarar da ciki. Aka haihu. Bai ɗauki yaron ba. Bai taɓa kiran sunansa ba. In yaron ya rarrafo wurinsa sai ya tashi. Maƙwabta suka kira shi Baba Yunusa, ya ce a gaban kowa ba sunansa ba ne. A wurinmu, 'yata, namijin da ya ƙi sunan nan magana ɗaya yake yi: ɗan ba nawa ba ne. Duk layin suka ɗauka. Mata suna ganinta suna tafa hannu. Da ta kasa jurewa ta gudo gida. Babanmu ya ba shi dama ya wanke ta a gaban dattawa, ya tambaye shi sau uku, ya yi shiru."

Ta ce Sikira ba ta sake aure ba, wa zai ɗauka. Ta ce yara sun taso suna kiran Yunusa ɗan jirgin ruwa, wai ubansa duk wanda ya sauka a tasha. Awusa ɗin ma da ake liƙa masa, da farko gori ne.

Bakina ya yi saurin kare gida. Na ce mata ba ƙi ba ne, kunya ce. Na ce a wurinmu ɗan fari ya fi kowa daraja, shi ya sa ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane. Na ce ni ma haka nake yi wa nawa, kuma ya san ina son sa.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Naki ya sani don duk garinku haka ake yi. Wannan wa zai gaya masa?"

Ta koma kan jera kifinta.

Na tarar da Baba Tsoho zaune a bakin ƙofa yana jan carbi. Na ba shi ƙwayarsa tukuna, na jira ya haɗiye, sannan na gaya masa komai, ban rage ba. Na zaci zai ce bai sani ba. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Sikira ta gaya min," in ji shi. "Ba sau ɗaya ba. Tana kuka ta ce in amsa ko sau ɗaya ne a gaban mutane. Na ce al'adar banza ce, ni ba zan zubar da tarbiyyar gidanmu don surutun mata ba. Ban ɗauka ya kai haka ba, amma ta gaya min." Sannan ya ce, "Saude, na koyi iyo. Na koyi cin ƙaguwa. Na koyi Turancin bariki da Yarbanci. Duk abin da ciki da albashi suka nema a wurina na koya. Ɗaya tak da ita ta nema, na ce ni ɗan mutunci ne."

Wannan ne karo na farko da na ga hawayen kakana. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, ban san wanda ya fi yawa ba.

Bayan sallar la'asar ya roƙi liman ya tsayar da jama'a a harabar masallaci. Mu mata muna daga bayan katanga, ni da Iya Mulika. Ya miƙe da sandarsa. Ya yi magana da Yarbancinsa da ya yi tsatsa, Iya Mulika tana mayar min a kunne. Ya ce shekaru masu yawa da suka wuce an yi masa tambaya a garin nan bai amsa ba, masu tambayar duk sun mutu, amma ya zo ya amsa. Ya juya ya dubi Yunusa ido cikin ido. Bakinsa ya motsa, babu abin da ya fito. Na ga gumi yana bin wuyansa. Na rantse da zai iya komawa teku da iyo a lokacin, da ya fi masa sauƙi.

"Yunusa," ya ce da ƙyar. Sannan da ƙarfi, "Yunusa ɗana ne. Sikira ba ta taɓa cin amanata ba. Ni ne Baba Yunusa."

Wasu dattawa suka yi kabbara. Iya Mulika ta toshe baki da gyale. Yunusa yana zaune a kan tabarma, bai motsa ba. Da hayaniya ta lafa ya ce da Hausa, a hankali, "Na ji, Alhaji. Ni madubi ya daɗe da gaya min. Wadda take bukatar ji tana can bayan kwakwar nan."

Ya raka mu maƙabartar har bakin hanya, ni na tsaya daga nesa. Baba Tsoho ya daɗe tsugune yana addu'a. Abin da ya faɗa a can tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

Da yamma Yunusa ya turo 'ya'yansa suka kwanta a ƙasa suka gaida tsohon. Shi bai kwanta ba. Bai kuma daina ce masa Alhaji ba. Na so in ji haushi, sai na tuna shekarun da ya yi yana amsa ɗan jirgin ruwa, na kama bakina.

Ranar komawa ya cika mana kwali da bandar kifi, ya ɗauki jakar Baba Tsoho a ka har iyaka. Muka yi sallama ta hannu, kamar yadda aka fara. Muka shiga cikin turmutsutsun masu tsallakawa, ina riƙe da tsoho, yana jan ƙafa, bai waiwaya ba. Mun yi nisa kaɗan sai na ji murya daga baya ta keto hayaniyar.

"Baba Yunusa!"

Yunusa ne, yana ɗaga ledar maganin da na ba shi riƙo na manta ban karɓa ba. Yana da sunana, yana da Alhajin da ya saba. Wannan ya zaɓa, ya tsaya yana jira.

Baba Tsoho ya juya har sandarsa ta faɗi.

"Na'am!" ya ce. "Na'am!"

Ya faɗa da irin muryar da ya tsayar da bas, har jami'an da ke wurin suka ɗago kai. Yunusa ya ratso mutane ya kawo ledar, ya sunkuya ya ɗauki sandar ya sa masa a hannu, ya riƙe hannun na ɗan lokaci. Sannan ya juya ya tafi.

A hanyar dawowa tsohon bai yi min wasa ba, bai tsawata wa direba ba. Muka hau gadar Kwara, wannan karon ban damƙe kujera ba. Na ce masa, don in faranta masa rai, ai an gode Allah, an kira kuma ya amsa.

Ya daɗe yana kallon ruwan ta taga.

"Haka Sikira take kirana," in ji shi. "Kullum in ta gama abinci sai ta tsaya a bakin ƙofa, inda maƙwabta za su ji, ta kira. Sai in yi kamar ban ji ba, har ta gaji ta ajiye kwanon ta koma ciki."